Yadda Faɗin Kano Ya Sauya Tafiya da Cimar Mazaunanta

Duk mai son ya gane dalilin da ya sa mutumin Kano na yau yake kashe kaso mai tsoka na abin da ya samu a kuɗin mota, kuma yake cin abincin rana a bakin titi maimakon a gidansa, to ya fara duba taswirar garin kafin ya duba farashin fetur ko na shinkafa. An saba a tattauna matsalar sufuri daban, ta tsadar abinci daban, ta ambaliya da gine-ginen barkatai daban, kamar ba su haɗa komai ba, alhali kuwa tushensu ɗaya ne, wato nisan da ya shiga tsakanin inda mutane suke kwana da inda suke neman na sakawa a baka. Wannan nisa ba a rana ɗaya ya samu ba, kuma ba gwamnati ɗaya ce ta haifar da shi ba, amma yau shi ne yake yanke wa talaka lokacin tashinsa daga barci, da abin da zai hau, da abin da zai ci.

Tsohon birnin da ke cikin ganuwa an tsara shi ne don ƙafa da jaki. Tarihi ya nuna cewa an soma ginin ganuwar tun zamanin Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, kuma a zamaninsa ne aka kafa Kasuwar Kurmi. A irin wancan tsari, gida da sana'a da masallaci da makarantar allo duk suna kusa da juna, shi ya sa har yau sunayen wasu unguwanni, irin su Soron Ɗinki da Dukawa, suke faɗar sana'ar mutanensu, kamar yadda marinar Ƙofar Mata take tsaye a tsakiyar jama'arta. Zaure kansa wurin aiki ne, domin a nan maɗinki yake shimfiɗa, a nan malami yake ba da karatu, a nan kuma ake karɓar baƙo ba tare da ya leƙa tsakar gida ba. Matsattsun lunguna suna ba da inuwa a garin da zafinsa yakan haura digiri 40 a bazara, katangun tubali masu kauri suna riƙe sanyi, kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsu kuma suna karɓar ruwan sama idan damina ta kankama. Mutumin da yake zaune a haka ba ya bukatar sayen abincin rana a waje. Ko dai ya dawo gida bayan azahar, ko kuma a ɗora wa yaro kwano ya kai masa kasuwa, da daddare kuma magidanta su fito da akussansu dakali a yi ciyayya.

Zuwan Turawa a 1903 ne ya fara jan cibiyar harkoki zuwa wajen ganuwa. Sun zauna a Nasarawa da Bompai, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari jim kaɗan bayan haka don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, cinikin gyaɗa kuma ya tara kamfanoni a kewayen tashar jirgi da Fagge. Daga nan nauyin kasuwanci ya karkata gabas, inda Kantin Kwari da Singa da Kasuwar Sabon Gari suke a yau. An yi wa birnin tsarin shekara 20 wanda ya kama daga 1963 zuwa 1983, aka kuma ware wuraren masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, sai dai yawan jama'a ya tsere wa takarda tun tsarin bai tsufa ba. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar, ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Tarauni, da Nasarawa, da Kumbotso, da Ungogo, kuma duk wanda ya san gonakin da ke bayan Rijiyar Zaki ko Mariri a wancan lokaci ya san yanzu gidaje ne ba masaka tsinke.

Akasarin wannan faɗaɗa ta hanyar awon igiya aka yi ta. Mai gona ko magadansa su kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti-fuloti, a rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, shi ke nan unguwa ta tsiro. Babu laifi a ce wannan hanya ita ce ta ba dubban ƙananan ma'aikata da 'yan tireda damar mallakar muhalli, abin da filayen gwamnati masu tsada da wahalar samu ba su iya yi ba, kuma duk wanda yake zagin awon igiya ya kamata ya fara amsa tambayar inda waɗannan mutane za su kwana da babu shi. Amma tun da kowane taku na ƙasa kuɗi ne a wurin mai sayarwa, ba a barin hanya mai faɗi, ba a barin magudanar ruwa, ba a ware filin makaranta ko asibiti ko kasuwa, ballantana wurin da motar haya za ta juya. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, takan iso ne bayan an riga an yi rufi an tare. Sakamakon haka aka samu unguwanni masu lunguna irin na cikin birni, ba tare da amfanin da lungun cikin birni yake da shi ba: na da yana kai mutum wurin sana'arsa cikin 'yan mintuna, na yanzu kuwa iyakarsa ya fitar da mutum bakin titi, daga nan kuma sai ya fara neman abin hawa zuwa kasuwar da ke da nisan kilomita goma ko fiye. Manyan titunan garin, na Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Maiduguri da na Gwarzo da na Panshekara, duk a tsakiya suke haɗuwa, don haka da safe gari gaba ɗaya yana kwarara ciki, da yamma kuma yana kwarara waje, a kan hanyoyi guda kuma a lokaci guda.

A nan ne ya kamata a fahimci matsayin Adaidaita Sahu. Kafin shi akwai ƙananan bas-bas na haya da tasi, sannan acaɓa ya mamaye gari saboda shi kaɗai ne yake iya shiga lungu ya sauke mutum a ƙofar gida. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirinta na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, wanda daga baya sunansa ya bi abin hawan. Shekaru da dama baburan suna gefe, acaɓa yana cin kasuwarsa, har zuwa 19 ga Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a kan babur mai ƙafa biyu a cikin birni. Matakin na tsaro ne, kuma an ɗauke shi cikin gaggawa, ba a tanadi wani tsarin manyan motoci da zai maye gurbin ba, sai kasuwa ta cike giɓin da abin da ya fi kusa da hannu. Cikin ɗan lokaci baburan Adaidaita Sahu masu launin ruwan ɗorawa suka rufe titunan Kano, ƙananan bas-bas da tasi kuma suka yi ta ja da baya har suka kusan ɓacewa daga hanyoyin cikin gari.

Idan mutum ya zauna kusa da ɗan sahu ya saurari lissafinsa, zai gane dalilin tuƙin da ake kuka da shi. Galibinsu ba su ne masu baburan ba. Wani yana kai balas kullum ga mai abin hawa, wani kuma ya karɓa ne a kan biya sannu-sannu, a farashin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba, kuma idan ya gaza biya na wasu makonni za a iya karɓewa. Kafin ya ga ko kwabo na kansa sai ya fitar da kuɗin mai, da balas, da harajin rana, da abin da bakanike da mai faci za su ci. Saboda haka fasinja uku a baya ba su isa ba, sai ya matsa ya ɗora na huɗu a gefensa, wani lokaci har da na biyar a ɗaya gefen. Idonsa yana kan gefen titi ba a kan abin da ke gabansa ba, kuma da zarar wani ya ɗaga hannu sai ya yanke ya tsaya ko sigina babu. Ba ina wanke masu ganganci ba ne, domin akwai yaran da ba su isa riƙe kan babur ba da ake damƙa wa rayukan mutane, akwai kuma ɓata-garin da suka fake da sana'ar suna ƙwacen waya. Sai dai tarar KAROTA, hukumar da aka kafa a 2012 don kula da zirga-zirga, ba za ta canza lissafin da yake tilasta wa direba farautar fasinja ɗaya-ɗaya ba.

Matsalar ta fi girma idan aka dubi fili. Babbar bas guda za ta iya ɗaukar abin da babura goma sha biyar suke ɗauka, kuma ba za ta ci ko rabin filin da suke ci a kan titi ba. Amma babbar bas ba ta shiga unguwar awon igiya, ba ta da wurin tsayawa da aka keɓe mata, kuma idan ta shiga cunkoson Ƙofar Mata ko na Bata tare da kowa, to ta rasa abin da za ta fi ɗan sahu da shi. Wannan ne ya sa garin ya zama a hannun masu baburan. An ga haka ƙarara a Fabrairun 2021, da suka tsunduma yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum, da kuma Janairun 2022, da suka sake yi kan kuɗin sabunta izinin aiki: ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta takawa a ƙasa, wasu suka ɗare bayan kurkura da motocin ɗaukar kaya. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da hana su bin wasu manyan tituna, da nufin bas-bas 100 na shirin sufurin gwamnati mai suna Kanawa su karɓi aikin, amma ba a je ko'ina ba ta janye, domin kowa ya ga bas ɗari ba za su ɗauki nauyin da dubban babura suke ɗauka ba.

Abin da gwamnatoci suka fi zuba kuɗi a kai kuwa shi ne gadoji. Tun daga gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, zuwa doguwar gadar Sabon Gari da ta Dangi da ta Hotoro, har zuwa ayyukan Ɗan Agundi da Tal'udu da gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta ɗauko, gwamnoni uku da ba su cika jituwa a siyasa ba sun haɗu a kan ra'ayi guda game da yadda ake warware cunkoso. Gada tana da amfaninta, kuma wanda ya san yadda shataletalen Dangi yake a da ba zai musa ba. Sai dai gada tana sauƙaƙa wa mai wucewa ne, alhali yawancin masu amfani da titin Kano masu sauka da hawa ne, kuma ɗan sahu ba ya son hawa sama tun da fasinjansa yana ƙasa. Sau da yawa cunkoson da aka kora daga wannan mahaɗa yakan koma ya taru a ta gaba. Mai tafiya a ƙasa kuwa shi aka fi mantawa da shi: tsohuwar da take son tsallaka titi mai hannu biyu da aka gitta wa shingen ƙarfe a tsakiya sai ta yi doguwar tafiya kafin ta sami mashiga, gefen titin da aka yi don ita kuma masu kaya da masu ajiye motoci sun riga sun cinye shi. Yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari ta dala biliyan 1.85 da aka ƙulla da wani kamfanin ƙasar Sin a 2016 ta daɗe a kan takarda. Legas, wadda ita ma ta sha fama da irin wannan, ta fara ne da abu mai sauƙi a 2008, wato keɓe wa manyan bas-bas layinsu na kansu a kan titi, kafin ta kai ga buɗe jirgin cikin gari a 2023. A ganina wannan mataki na farko, wanda ya fi bukatar ƙarfin hali a kan kuɗi, shi ne Kano ta tsallake.

Ta fuskar abinci, nisan nan ya yi tasirin da ba a cika lura da shi ba. Ɗan kasuwar da ya baro Ɗorayi ko Bachirawa da sassafe ba zai koma gida cin abincin rana ba, kuma babu yaron da za a aika da kwano ya yi wannan tafiya, don kuɗin motarsa ya fi kuɗin abincin. Saboda haka ciki ya koma hannun masu sayarwa. Da safe koko da ƙosai ko waina, da hantsi ɗanwake da awara, da rana garau-garau ko shinkafa da miya a rumfar mai abinci, ko fura da nono ga mai son abu mai sanyi, da dare kuma tsire da balangu da teburin mai shayi. Ba wai waɗannan abinci sababbi ba ne, abin da ya canza shi ne matsayinsu, domin abin da ake ci a da don marmari ko don riƙe ciki kafin tuwo, yanzu shi ne abincin yini na mutane da yawa.

Gurasa misali ce mai kyau ta yadda tsohon gari yake ciyar da sabo. A unguwannin cikin birni irin su Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa, mata sukan kwaɓa fulawa da yis tun dare, da asuba a hura tanderu, a riƙa manna curin ƙullun a jikin tukunyar mai zafi da hannu, a ɓamɓaro shi idan ya yi ja a gefe. Daga nan 'yan sari su loda a kwanduna su bazu cikin gari, har zuwa wasu garuruwa. A bakin kasuwa mai bandashe zai yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ya barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai, mutum ya ci a tsaye cikin minti biyar ya koma shago. Haka ɗanwake da awara da dambu da alkubus: a tsakar gida ake yin mafi yawansu, matan da ba sa fita ne suke sarrafa su, yara kuma su kai bakin titi. Wannan tattalin arziki ne babba wanda ba ya cikin kundin kowace hukuma, yana kuma ɗauke da nasa nauyin, tun da yarinyar da take ɗauke da bokitin awara da hantsi ba ta cikin aji. Duk shirin da zai hana talla ba tare da ya samar wa uwar wata hanyar isa ga mai saye ba, to ya manta cewa tsarin gida da na unguwa ne suka sanya yarinyar ta zama ita ce ƙafar mahaifiyarta.

Teburin mai shayi kuwa ya gaji wani ɓangare na aikin dakali. Samarin da suka zo birni neman kuɗi, masu kwana a shago ko su huɗu a ɗaki guda, ba su da murhu, don haka Indomie da ƙwai da burodi a kan benci su ne abincin darensu, a nan kuma ake cajin waya, a ji labarai, a yi musun ƙwallo da siyasa. Hatta a gidajen masu iyali lissafin ya fara sauyawa, domin idan aka haɗa kuɗin gas ko gawayi, da na ruwan da ake saya a wurin 'yan garuwa jarka-jarka, da na kayan miya, wani lokaci sayen dafaffe daga maƙwabciyar da take dafawa da yawa ya fi sauƙi a kan ɗora tukunya don mutum uku.

Cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 ya fito da duk wannan fili. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A garin da mutane suke zaune kusa da aikinsu, irin wannan tashi zai yi ciwo amma ba zai karya ƙashin baya ba. A Kano kuwa sau biyu yake dukan mutum ɗaya, da farko a kuɗin sahun da zai kai shi kasuwa, sannan a cikin kwanonsa, tun da hatsin da ya fito daga Dawanau, da kayan gwarin 'Yankaba, da 'ya'yan itacen 'Yan Lemo duk sai sun ratsa gari a kan abin hawa mai shan mai kafin su isa hannun mai dafawa. An ga mutane sun koma keke, wasu suna taka rabin hanya kafin su hau, wasu ma'aikata kuma sun rage kwanakin fita. Damina ma tana karɓar nata kaso, saboda kududdufan da suke shanye ruwa an cike da yawansu an yi gini a kai, magudanai kuma sun toshe da leda ko an ɗora musu shaguna, kamar yadda ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna, inda ruwa ya lalata yadudduka na maƙudan kuɗi a kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Masu tsara gari sukan ce maganin shi ne a rage wa tsakiya nauyi, a fitar da wasu kasuwanni gefe, kuma a ƙa'ida haka ne. Dawanau ta nuna cewa kasuwa za ta iya bunƙasa a bayan gari idan tana kan babbar hanya kuma kayanta na manyan motoci ne. Amma mayar da 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, a kan titin Zariya, wanda aka tilasta a 2024 bayan doguwar shari'a, ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Dalilin hukuma mai ƙarfi ne, domin tara masu sarin magani wuri guda yana sauƙaƙa kama jabu da kuma adana magani yadda ya kamata. Sai dai yaron shagon da yake zaune a Kurna ko Rimin Kebe yanzu sai ya ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan, ya canza sahu sau biyu ko uku, haka mai ƙaramin kemis da yake zuwa sari, haka mai abincin da ta saba ciyar da layin nan shekara da shekaru, wadda ko dai ta bi su da tukwanenta ta biya kuɗin motar, ko kuma ta nemi wasu masu ci.